Allon Ƙoƙon Kai

Kafin ya shiga layinsu, direban yakan tsaya a bayan wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi. Sai ya ja birki, ya duba hagu da dama kamar mai shirin sata, sannan ya sauko. A kowane gefen motar akwai allo na ƙarfe mai shafuka irin na littafi. Ka buɗe wannan, ja ne da hoton wuta, na kayan da ke kamawa. Ka buɗe wancan, hoton hannu ne ruwa yana cin sa. Nasa fari ne, da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a gicciye, da lamba shida a ƙasa. Aji na shida ke nan, guba. Ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana juya shafin zuwa na ƙarshe, wanda babu komai a jikinsa sai farin ƙarfe, ya danna maƙalin, ya goge hannu a wando, ya koma ya tada mota. Daga nan har ya bar unguwa, shi mai dakon fenti ne.

Da can lemon kwalba yake ɗauka, har kowa a layin ya manta sunansa na gaskiya, sai dai Mai Lemo. Daga baya kamfani ya tura shi horo, ya zauna a aji da furfurarsa, ya koyi rabe-raben kaya masu haɗari, aka ba shi takardar shaida da sabuwar mota. Ci gaba ne, kuma ya yi murna. Ranar farko da ya biyo ta gida, har hon ya yi don a fito a gani.

An kuwa fito. Inna, mahaifiyarsa, ta dogaro sandarta zuwa ƙofa, ta ƙura wa allon ido, ta ja da baya.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan ka ajiye mana a ƙofar gida? Gawa ka koma ɗauka?"

'Yan benci, masu zaman hira a layin, suka sheƙe da dariya. Layin nan, in gaskiya za a faɗa, ba su da sana'ar da ta wuce sa wa mutum suna, kuma tela ne shugaban masu sana'ar. Kafin la'asar Mai Lemo ya zama Ƙoƙon Kai. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya wuce. Mai aski, da ya saba ba shi hannu biyu, ya koma ɗaga masa hannu daga nesa. Wata maƙwabciya ta dawo wa matarsa da tukunyar da ta ara, ta ce ta fasa dafuwar. Abin ya ci shi ƙwarai. Bai daɗe ba ya sanar a benci cewa an canza masa aiki, yanzu fenti yake kaiwa. Suka yi masa barka. Sunan dai bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi, kuma mai aski ya dawo da hannunsa.

Ba wai bai san doka ba. Madam, wadda ke kula da kiyaye haɗari a kamfanin, ta nanata musu har ta gaji: muddin akwai kaya, allo ba ya rufuwa, ko duro ɗaya ne, ko fanko ne da ba a wanke ba. Kuma motar guba ba ta tsayawa a cikin gidajen mutane. Shi kuwa yana da hujjarsa: Inna ba ta shan maganin hawan jininta sai daga hannunsa. Gaskiya ne. Amma girkin matarsa ma yana da hannu a ciki.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa Ƙoƙon Kai ba, shi ne Mai Faci. Tare suka tashi. Rumfarsa tana gindin bishiyar da ke bakin layi, daidai inda motar ke tsayawa, da injin iska da tarin tayoyi da wani tsohon baho cike da ruwa da yake tsoma tif a ciki don gano inda ya huje. Duk zuwan motar sai ya zagaya ta da guduma yana ƙwanƙwasa tayoyi, ba tare da an sa shi ba.

Ranar da abin ya faru, rana ta take sosai. Direban ya shiga gida, ya ba Inna magani, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa. Da ya fito yana sakace, sai ya tarar da abokin nasa yana jiransa yana washe baki.

"Mai Lemo, tayarka ta baya tana neman iska, na ƙara mata. Kuma ka san motarka tana yoyo? Amma wallahi tinar nan taku mai kyau ce. Dubi nan."

Ya miƙo hannuwansa biyu, fes har gwiwar hannu. "Rabon da in ga launin fatata tun ina saurayi. Ta fi gas cire baƙin mai nesa ba kusa ba."

Kowane mai faci da kowane bakanike haka yake wanke hannu, da duk abin da ya ɗigo daga mota mai warin kalanzir. Kuma an ce masa fenti ne a ciki, to me zai ɗigo in ba tina ba, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi? A ƙarƙashin ƙofar baya Mai Faci ya tara wani gwangwani, don kada abin kirki ya zube a banza. Ruwan ciki ja-ja ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Direban ya kai idonsa kan bahon, inda Mai Faci ya ɗauraye hannu. Ruwan ya koma fari fat.

An nuna musu wannan a aji. Maganin ƙwarin gona ne wanda ba a tsinka ba, in ya haɗu da ruwa haka yake fari, kuma ba sai an sha shi ba, ta fata yake shiga. Hannun Mai Faci kuwa duk tsaga ne da yanka.

"Je ka wanke da sabulu," ya ce. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama. "Yanzu-yanzu."

"Sabulun me kuma? Ai ka ga na wanke."

'Yan benci suna kallo. Tela ya ajiye almakashi ya ce, "Ku ji rowa! 'Yar tinar da ta zube ƙasa ma sai an yi mata ƙorafi. Mai Faci, mayar masa da abinsa kada ya kai ka ƙara."

Aka yi dariya. Direban ma ya yi. Wannan dariyar ita ce ta fi komai tsaya masa a rai daga baya, don a lokacin ya san abin da ke cikin gwangwanin, ya san abin da ke shiga jinin abokinsa, amma ya buɗe baki ya taya su. Ya ce kamfani ne ba ya so a taɓa kaya. Ya tura gwangwanin ƙarƙashin mota da ƙafa, ya shuro yashi ya rufe jiƙaƙƙen wurin, ya sake cewa a wanke da sabulu, kamar mai ba da shawarar da ba dole ba. Mai Faci ya ce to, ya koma kan tayar da yake gyarawa.

Direban ya hau mota ya zauna da makulli a hannu. Dabara ta zo masa tsaf: ya ja motar zuwa tsohon gidan mai, ya buɗe allunan, ya kira ofis ya ce yoyo ya same shi a hanya. Babu wanda zai san ya shigo unguwa. Wataƙila ma ɗan abin da ya taɓa hannun bai kai ya yi komai ba. Ya daɗe a zaune yana lallashin kansa da wannan wataƙilar, bai tada motar ba, bai kuma sauko ba.

A madubi ya ga Mai Faci ya ajiye guduma ya zauna a kan taya. Ya share gumi da hannun riga, ya sake sharewa. Ya tofar da yawu, wani ya taru. Sai ya dafe ciki ya sunkuya ya fara amai.

Kafin direban ya sauko, layi ya cika. Kowa ya zama likita. Wannan ya ce rana ce, wancan ya ce hawan jini, wata ta ce tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Aka kawo madara, aka kawo ruwan sanyi. Mai Faci yana son ya yi magana amma yawu ya hana shi, naman fuskarsa yana rawa shi kaɗai. Mai aski ya ce a kai shi asibitin ƙarshen layi. Suka ɗauke shi, direban ya riƙe ƙafafu, kuma duk tsawon hanyar bai ɗago kai ba.

Likitar mace ce, da alama tun safe ba ta zauna ba. Ta buɗe idon Mai Faci ta haska, ta saurari ƙirjinsa, ta sunsuna rigarsa.

"Me ya sha? Me ya taɓa?"

"Ba komai, likita," in ji tela. "Tina ce kawai ya wanke hannu da ita. Ta fenti. Ga ma mai motar nan."

Duk suka juyo. A bakin ƙofa matar Mai Faci ta iso, mayafinta a karkace, hannunta duk kumfar wanki.

"Malam, fenti ka ɗauko?" in ji likita.

"To... kusan haka ne."

"Babu kusan haka a ɗakin nan. Ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirjinsa yana cika da ruwa. Tina ba ta yin haka. Ina da zato, amma ba na so in yi wa mutum allura da zato alhali wanda ya sani yana tsaye a gabana. Me ke cikin motar?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya ja ta ya rufe. Ya faɗa, amma shi kansa bai ji abin da ya ce ba.

"Ɗaga murya, Malam."

"Maganin ƙwari ne. Na gona, wanda ba a tsinka ba. Guba ce."

Likitar ba ta ɓata lokacin kallonsa ba. Ta kira nas, ta ce a sa safar hannu, a cire wa mara lafiya riga, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, duk wanda ya ɗauko shi ya je famfo ya wanke hannu. Tana zuƙar allura ta ce, "Iri-iri ne. Ina son sunan wannan ɗin daidai."

Sunan dogo ne, bai taɓa zama a kansa ba, amma yana jikin kowane duro. Ya fita da gudu, mai aski yana biye da shi.

Da ya iso, sai ya hango mutum a wurin yoyon. Matarsa ce a bayan mota da bokiti da tsintsiya. Ta ga motar mijinta ta ɓata ƙofar mutane, kunya ta kama ta, ta fito za ta wanke wurin ta kora ruwan cikin kwata. Inna tana zaune a ƙofar gida tana nuna mata inda ya fi jiƙewa.

"Ajiye! Ajiye bokitin nan! Ja da baya!"

Tun da suka yi aure bai taɓa daka mata tsawa a waje ba. Ta saki tsintsiyar ta tsaya sororo.

"Baban yara, lafiya? Fenti ne fa."

Ya je gaban motar ya cire maƙalin allo. Shafukan sun yi tauri, dole sai ya bi su ɗaya-ɗaya: ja ya wuce, rawaya ya wuce, mai hoton hannu ya wuce, sannan ƙoƙon kan ya fito yana kallon layi. Ya zagaya gefe ya buɗe. Ya je baya ya buɗe. Ya zagaya ɗaya gefen, wanda ke fuskantar benci da ƙofar gidansu, ya buɗe. Mutanen da suka dawo daga asibiti da waɗanda suka leƙo daga gidaje duk suna tsaye, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfen. Wata mata ta sunkuci ɗanta ta shige gida ta banko ƙofa. Inna ta dubi allon, ta dubi ɗanta, ta sa a kama ta a tashe ta.

Ya sa safar hannu da takunkumi, waɗanda ya saba ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, ya ɗaga tamfol. Igiyar ɗauri ɗaya ta saki, duro ya goga da kan ƙusa har ya huje. Ya nuna wa mai aski takardar da ke manne a jikin duron, shi kuma ya ɗauki hotonta da waya daga nesa, ya juya asibiti a guje.

Saura kiran ofis. Ya so ya shiga mota ya rufe gilashi, amma dole ya tsaya a waje yana korar mutane, don haka a gaban kowa ya yi wayar. Madam ta ɗauka, ta shiga jero tambayoyinta yadda ta koya musu. Aji nawa? Ya faɗa. Lambar kayan? Ya karanto. Yoyo ne ko fashewa? Ya shiga kwata? Akwai wanda ya taɓa?

"Mutum ɗaya. Yana asibiti."

"Ma'aikacinmu ne?"

"A'a, Madam. Maƙwabcina ne."

"Kana ina yanzu?"

"A ƙofar gidana."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Allunan a buɗe suke?"

"Yanzu a buɗe suke."

"Na gane," ta ce. "Kada ka motsa motar. Kada kowa ya zuba ruwa. Ba ni sunan layin, kuma ka ba likitar lambata."

'Yan kwana-kwana suka zo da jiniya, suka zagaye wurin da igiya, suka fitar da mutanen gidajen kusa. A kan kujera aka ɗauko Inna aka wuce da ita ta gabansa, ta kau da kai. Mutanen kamfani suka zo cikin fararen kaya kamar masu shiga tiyata, suka sa duron da ya huje cikin wani babba, suka kwashe yashin, suka ɗauke bahon Mai Faci da gwangwaninsa, har da tsintsiyar matarsa. Wani direba ne ya ja motar ya fita da ita, allunanta a buɗe, ta bi layin a hankali daga farko har ƙarshe.

Mai Faci bai mutu ba. An mayar da shi babban asibiti, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, sannan ya fara dawowa. Direban kuma aka dakatar da shi, aka karɓe takardar shaidarsa har sai an gama bincike. Ya zauna a gida. Inna ta koma karɓar maganinta daga hannun surukarta, ba ta ce don me ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya ɗauka layin zai cinye shi da suna, har ya shirya wa hakan. Sai ga shi babu wanda ya sake cewa Ƙoƙon Kai. In ya wuce benci, tela ya duƙufa a kan ɗinki, mai aski ya amsa sallama a taƙaice, hira ta tsaya sai ya yi nisa. Bai taɓa zaton zai yi kewar tsokanar tela ba.

Ranar da aka sallamo Mai Faci bai iya zuwa ba. Washegari ma ya kai ƙofa ya juyo. Sai da matarsa ta ce, "Baban yara, in ba ka je yau ba, gobe ta fi wuya," sannan ya sa hula ya fita.

Matar Mai Faci ta amsa sallamarsa, ta ɗaga labule, ta koma kicin ba ta ƙara kalma ba. Mai Faci yana jingine da matashi a kan tabarma. Ya rame, wuyansa ya fito. Yana riƙe da kofi da hannu biyu, duk da haka ruwan yana rawa.

Direban ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya yi masa sannu, ya tambayi jiki, ya sake tambaya. Duk maganar da ya tsara a hanya ta gudu. Da ƙyar ya ce, "Ka yafe mini. Kunya ce ta sa. Na gaji da sunan nan ne, shi ya sa nake rufewa."

Mai Faci ya ɗago ya dube shi.

"Na yafe," ya ce. "Ai ba da gangan ka huda duron ba." Ya ajiye kofin a hankali don kada ya zube. "Abu ɗaya ne na kwanta ina ta juyawa a asibiti. Ka san ban yi makaranta ba. Da rubutu ne a jikin motar, ko ka bar shi a buɗe ba abin da zan gane. Amma hoton nan ko jikata ta san shi. Saboda irina aka zana shi. Ni kaɗai ne a layin nan nake shiga ƙarƙashin motarka, kuma ni ka rufe wa."

Direban ya miƙe ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

"Amin," in ji Mai Faci. "Na gode da zuwa. Ka gaida gida, Malam direba."